Kirarin Sarki da Shaidar Ma'auni

Wanda ya fara jin cewa ana sayar da kuɗin Rumawa masu shekara 1,700 a duniya yakan ɗauka maganar miliyoyi ake yi. Akwai dai na zinariya, da wasu manya na tagulla, waɗanda attajirai ke kokawa a kansu a gidajen gwanjo na Turai. Amma mafi yawan abin da ke hannun masu tara tsofaffin kuɗi ƙananan kwabbai ne na tagulla, baƙaƙe ko koraye, waɗanda 'yan daloli kaɗan ke sayen ɗaya. Wani lokaci ma a tsibi ake sayar da su, da ƙasarsu da tsatsarsu, mai saye bai san abin da ya ɗauko ba sai ya je gida ya wanke.

Yawansu ne ya karya musu daraja. A ƙarni na huɗu na miladiyya daular Rum tana da gidajen buga kuɗi fiye da goma, daga Trier a Jamus ta yau har Antakiya da Iskandariyya, kowanne da rassa, kowane reshe da maƙeran da ke wuni suna dukan ƙarfe. Ba inji, da hannu ake yi. A sassaƙa hatimi biyu, ɗaya a kafe a ƙasa, a ɗora guntun tagulla a kansa, a kifa ɗayan, a kai masa guduma. Shi ya sa da wuya ka ga kwabo biyu da suka yi daidai tas: wannan ya karkace, wancan rabin rubutunsa ya faɗa waje. Miliyoyi a kan miliyoyi aka buga, suka faɗi a kasuwa, a gidan wanka, a sansanin soja, wasu kuma aka binne su a tukwane masu su ba su dawo ba. A 2016 leburori masu haƙa a garin Tomares kusa da Sebiliya a Sifen suka ci karo da tuluna 19 cike da irin waɗannan kwabbai, nauyinsu wajen kilo 600.

To me mutum zai yi da abin da ba shi da tsada, ba shi da ƙyalli? Zai karanta shi. Aikin ke nan, kuma shi ne daɗin abin.

Kafin karatu akwai wanki, kuma nan ne sabon shiga ke yin ɓarna. Tagullar da ta daɗe a ƙasa tana yin wata fata, kore ko ruwan ƙasa, mai santsi. Wannan fatar ba datti ba ce, jikin kwabon ne da kansa ya rikiɗa, kuma sau da yawa a cikinta rubutun ya rage. Wanda ya gaggauta ya sa asid ko burushin waya zai sami ƙarfe ja mai walƙiya, fuskar sarki kuwa ta tafi har abada. Masu sanin abin sukan jiƙa shi a tataccen ruwa ko man zaitun, makonni, har watanni, su riƙa bin ƙasar da tsinken sakace a hankali. Tsatsar da suke tsoro guda ce, wata kore mai haske mai kama da gari, wadda gishirin ƙasa da laima ke haifarwa. Ita cin ƙarfen take yi, in aka ƙyale ta sai ta huda shi.

In fuska ta bayyana, sai a koma ga haruffan da suka kewaye ta. Latin ne, a taƙaice, ba tazara tsakanin kalmomi, kuma V ce ke tsayawa a madadin U. IMP na nufin mai ba rundunoni umarni, AVG laƙabin sarauta ne da aka gada daga Agustas, P M babban limamin addinin gargajiyar Rum, P P uban ƙasa. Waɗanda suka fi amfani su ne TR P da COS, domin sukan zo da lamba. TR P wani iko ne da ake sabunta wa sarki kowace shekara, saboda haka lambar da ke gabansa kalanda ce. Kwabon Markus Oreliyas mai TR P XX, alal misali, na wajen shekarar 166 ne. A kwabban ƙarni na huɗu kuma akwai 'yan haruffa a can ƙasan bayan kuɗin da ke faɗin garin da aka buga shi: ANT Antakiya, ALE Iskandariyya, SIS Siskiya wadda yau ita ce Sisak a Kuroshiya, PLN Landan, CONS Kustantiniyya. Har reshen da ya buga ana nunawa da harafi ɗaya. Da waɗannan mutum zai buɗe kundin da ake kira RIC, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923 kuma juzu'insa na goma bai fito ba sai 1994, ya nemo lambar kwabonsa. Yanzu an ɗora jerin a intanet, kowa na iya dubawa.

Abin ba ya tafiya da sauƙi kamar yadda na faɗe shi. Sarki Kustantin ya haifi CONSTANTINVS da CONSTANTIVS da CONSTANS, duk an buga kuɗi da sunansu, duk da fuska kusan iri ɗaya. Tsakanin na farko da na biyu harafin N ɗaya ne, kuma kamar da gangan, daidai wurin ne tsatsa ta fi son ci. Mutum zai yi ta juya kwabo a gefen fitila yana ƙirga gurbin haruffa, yana duba ko akwai IVN da ke nuna ƙaramin Kustantin, ko kambin ganye ne a kai ko na duwatsu. Wanda bai iya cewa "ban tabbatar ba tukuna" ba, wannan sana'a ba tasa ba ce.

Mu ma wannan karatun ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya zauna tafsirin Suratul Kahfi ya ji yadda samarin kogo suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfa ya sayo abinci, kuma masu tafsiri sun kawo cewa kuɗin ne ya tona al'amarin, don mai sayarwa ya ga na zamanin wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa. Da yawansu sun kira sarkin Daƙyanus, sunan da ake dangantawa da Desiyas, wanda ya mulki Rum daga 249 zuwa 251, ya kuma tilasta wa kowa yin yanka ga gumaka. Kuɗin Desiyas suna nan har yau, na azurfa da na tagulla, da doguwar fuskarsa mai alamar damuwa. Ɗan kasuwar nan da ya juya kuɗi a hannu ya gane ba na zamaninsa ba ne, aikin masu tara kwabbai ya yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Kowane kwabo baki biyu gare shi. Ɗaya rubutu ne da zane, kuma wannan bakin na fada ne, abin da sarki yake so a ji. Ɗayan nauyi ne da irin ƙarfen da aka zuba, kuma wannan ba ya karɓar umarni daga kowa. Mai gilashin ƙara girma kaɗai zai ji kirari. Sai ya haɗa da ma'auni zai ji shaida.

A farkon daular bakunan biyu ba su yi nisa da juna ba. Wajen shekara 23 kafin miladiyya Agustas ya tsara kuɗi: dinari ɗaya na azurfa ya zama sestertiyus huɗu, ko as goma sha shida. Sestertiyus ƙaton kwabo ne na tagulla mai ruwan ɗorawa, nauyinsa ya haura giram 25, faɗinsa ya wuce santimita uku. Ka ɗora shi a tafin hannu ka san ka riƙe wani abu. A bayansa akwai S C, wato da yardar majalisar dattawa. Sojan runduna yana karɓar sestertiyus 900 a shekara. A Fomfei, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an tarar da inda wani ya rubuta cefanensa na kwanaki a jikin bango, burodi da man zaitun da cuku da albasa, duk da as yake lissafi. Da kwadrans, rubu'in as, talaka ke shiga gidan wanka a birnin Rum. Fuskokin wannan zamani ma ba a yi musu kwalliya sosai ba. Niro da kaurin wuyansa, Besfasiyan da tamojin goshinsa, Narba da ƙugiyar hancinsa, Hadiriyan da gemunsa, ko rubutu ya goge za ka gane su. Niro ya sa an zana tashar jiragen ruwa ta Ostiya a bayan sestertiyus ɗinsa, Titus ya sa babban dandalin Kolosiyam, kuma duka biyun an gina su da gaske.

Sannu a hankali bakin fada ya fara faɗin abin da babu. Maksiminus, sojan da ya hau mulki a 235, ya buga kuɗi masu FIDES MILITVM, amanar sojoji. A 238 sojojinsa ne suka kashe shi a tantinsa a bakin ganuwar Akwileya. A shekarar nan majalisa ta naɗa dattawa biyu, Balbinus da Fufiyenus, su yi mulki tare. Kuɗinsu cike suke da hannuwa biyu suna musafaha, da kalmomin jituwa da amana da ƙaunar juna. Mutanen nan kuwa ba su yarda da juna ba ko kaɗan, kuma dogaran fada suka yanka su tare bayan wata uku. Ban ɗauki wannan abin dariya ba. Abin tausayi ne, domin bai zama lalle a ce ƙarya tsagwaronta suka shirya ba. Abin da suka rasa suke kira da babbar murya ko zai zo. Mai lafiya ba ya wuni yana shelar lafiyarsa. In ka ga sarki ya cika kasuwa da kalmar amana, duba da kyau, amanar ce ta yi ƙaranci a fadarsa. Ta wannan hanya ko kirarin ma shaida ne, in an san yadda ake juya shi.

Ma'auni kuwa bai taɓa ɓoye komai ba. A 215 Karakalla ya fito da sabon kuɗin azurfa, wanda masana na baya suka raɗa wa antoniniyanus. An ce ya tsaya a dinari biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne, kuma azurfar da ke ciki wajen rabi ce. Kowane sarki da ya zo yana bukatar biyan soja, sai ya rage azurfa ya ƙara jan ƙarfe. Kafin 270 azurfar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sai ɗan shafe a sama da ke gogewa in ya sha hannu. Dalilin ke nan da yau ake tarar da shi a tiren tagulla na masu sayarwa, kuɗin da aka haifa azurfa ya mutu kwabo. Shi kuwa ƙaton sestertiyus, tunda ƙarfen jikinsa ya fi ƙimarsa daraja, sai aka kusan daina buga shi a shekarun 260, mutane suka ɓoye na hannunsu ko suka narkar. A daidai shekarun nan Farisawa suka kama sarki Baleriyan da ransa a 260, yamma ta ɓalle, gabas ta ɓalle, ɗansa Galliyenus kuwa yana ta buga salama da nasara da yalwa a kan 'yan faya-fayan ƙarfen da ba su ma zagaye daidai ba.

Diyokletiyan ya yi ƙoƙarin gyara. Wajen 294 ya fito da sabon kwabo mai giram goma da ɗan ruwan azurfa. Farashi bai saurare shi ba. A 301 ya kafa dokar ƙayyade farashin kaya fiye da dubu, daga alkama har ladan wanzami, da hukuncin kisa ga wanda ya ƙetare, kuma a gabatarwar dokar haɗamar 'yan kasuwa ya ɗora wa laifi. Laktantiyus, marubucin zamanin wanda ba masoyinsa ba ne, ya ce jini ya zuba, kaya suka ɓace daga kasuwa, dole aka saki dokar. Kwabon kuma ya ci gaba da ramewa. A 330 ya koma wajen giram biyu da rabi, da sojoji biyu a bayansa tsaye da tutoci biyu a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS, ɗaukakar runduna. Bayan 'yan shekaru aka sake rage shi har wurin ya kasa ɗaukar tutoci biyu, aka cire ɗaya. Masu tara kwabbai da wannan suke raba na farko da na baya, mai tuta biyu da mai tuta ɗaya. Ɗaukakar tana nan a rubuce yadda take, tutar ce dai ta ragu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kwabon da kusan kowane sabon shiga ke fara mallaka, don ya fi kowanne yawa. An fara buga shi a 348, shekarar da birnin Rum ya cika shekara 1,100 a lissafinsu, zamanin 'ya'yan Kustantin biyu, Kwanstantiyus na biyu a gabas da Kwanstans a yamma. A bayansa wani sojan Rum ne ya tsaya a kan mahayin da dokinsa ya durƙushe, yana soka masa mashi. Masu bin diddigi sun rarraba shi iri-iri: a wani mahayin ya rungume wuyan doki, a wani ya juyo ya miƙa hannu kamar mai roƙon a bar shi da rai, wani da gemu, wani da hula mai tsini irin ta mutanen gabas. Rubutun da ya kewaye wannan kisa shi ne FEL TEMP REPARATIO, dawowar zamanin jin daɗi.

Bari mu bi zamanin jin daɗin. A 350 wani hafsa, Magnentiyus, ya yi tawaye aka kashe Kwanstans. A 351 rundunonin Rum biyu suka gwabza da juna a Mursa, inda garin Osijek yake yau, aka yi asarar dubban sojojin da iyakoki ke bukata. A 355 'yan ƙabilar Firank suka ci birnin Kolon. A 359 Farisawa suka ci Amida, Diyarbakir ta yau. Kwabon da ya fara da wajen giram biyar bai cika shekara goma ba sai da ya koma rabin haka. Ka jera guda biyar a kan tebur daga na farko zuwa na ƙarshe, zane ɗaya, rubutu ɗaya, sai dai kowanne ya fi na gabansa ƙanƙanta, har sojan da mahayin su matsu, ƙarshen kalmar REPARATIO ya faɗa waje. Mai sayar da burodi a Antakiya ba ya bukatar iya karanta Latin. Hannunsa ya gaya masa.

Saboda haka nake ganin tagulla ta fi zinariya labari, ko da yake kasuwa ba ta yarda da ni ba. Zinariyar Kustantin, solidus, wadda ake buga 72 daga kowane awon fam na Rum, ta riƙe nauyinta ɗaruruwan shekaru, domin da ita ake biyan haraji da manyan hafsoshi, kuma hukuma ba ta wasa da abin da za a dawo mata da shi. Asarar a kan kuɗin talaka aka sauke ta. Zinariya tana kwance a akwati, shi ya sa take fitowa yau kamar jiya aka buga. Sestertiyus ɗin Tirajan ko Hadiriyan kuwa ana samunsa a tukwanen da aka binne bayan mutuwarsu da fiye da shekara ɗari, ya goge sumul, sai inuwar kai kawai. Yatsu nawa ne suka cinye wannan ƙarfen? Dattawanmu da suka riƙe anini da kwabo mai huji sun san yadda kuɗi ke laushi a hannun jama'a har sunan sarkin Ingila ya dushe. Mai saye yana biyan tsada ga wanda bai goge ba. Ni kam gogaggen ya fi taɓa ni, domin shi ne ya yi aikin da aka yi shi dominsa.

Akwai ma waɗanda ba hukuma ce ta buga su ba. Duk lokacin da canji ya yi wuya a Biritaniya da ƙasar Gol, Faransa ta yau, maƙeran gari sukan kwaikwayi na sarki. An yi haka a shekarun 270, an sake yi da kwabon mahayin nan a shekarun 350. Da yawan masu sassaƙar ba su iya karatu ba, sai ka ga haruffa a birkice, ko 'yan layuka kawai a madadin rubutu, sojan ya koma tsinke. Mutane kuma suka karɓa suka yi ciniki da su. Kirarin bai dame su ba, abin ba da canji suke nema.

Wannan shaida tana da sharaɗi, a san inda aka tono ta. A 2003 aka sami tukunya mai kwabbai kusan 5,000 a Chalgrove kusa da Oksfod. A cikinsu, manne da sauran, akwai ɗaya mai sunan wani Domitiyanus da ya yi da'awar sarauta wajen 271. An taɓa samun irinsa guda a Faransa a 1900, masana da yawa suka ce jabu ne. Da yake wannan na biyun a cikin dunƙulen da ba a taɓa ba aka same shi, gardama ta ƙare, aka ƙara suna a jerin masu mulkin Rum. A 2010 wani mai na'urar gano ƙarfe ya ci karo da tukunya kusa da Frome a kudu maso yammacin Ingila, ya daina haƙa ya kira masana, suka kwashe ta hawa-hawa suka ƙirga 52,503. Da ya juye su a buhu ya sayar tsibi-tsibi, da kowanne zai ci gaba da faɗin sunan sarki da garin da aka buga shi, amma ba wanda zai sake sanin waɗanda suka kwana tare da shi, ko a wace shekara aka rufe tukunyar. Da yawan tsibin da ake tallarsu ba tare da asali ba haka aka yi musu, an yashe su da dare daga kufai a ƙasashen Balkan da Gabas ta Tsakiya. Mai son abin da gaske ya kamata ya tambayi inda kwabo ya fito kafin ya tambayi nawa ne.

A ƙarni na biyar abin ya kai maƙura. Kwabon da ya rage, nummus, wajen giram ɗaya ne, faɗinsa bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Babu filin soja ko doki, sai a dunƙule haruffan sunan sarki wuri guda a bayansa. Wata doka ta 445 ta nuna ana canza solidus ɗaya a kan nummus 7,000 zuwa 7,200, saboda haka a jaka ake ɗaure su, a auna, a buga hatimi. Masu tara kwabbai sun san su a matsayin mafi wuyar ganewa, rabinsu ba a iya cewa ga mai su. A 498 sarki Anastasiyas na Kustantiniyya ya fito da sabon babban kwabo. A bayansa bai sa nasara ba, bai sa ɗaukakar runduna ko dawowar jin daɗi ba. Ƙaton harafin M ya sa, wanda a lissafin Girkanci yake nufin 40, wato wannan ya tsaya a nummus arba'in. Mai K ashirin ne, mai I goma. A 512 ya ninka nauyinsu, kuma a kan wannan tsari aka ci gaba da ciniki a kasuwannin Sham da Masar har zuwa lokacin da Musulmi suka karɓi ƙasashen, su ma suka fara da kwaikwayon wannan kwabo mai M kafin halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya sauya fasalin kuɗi a ƙarshen ƙarni na bakwai.